Takalmi Mai Igiya

"Ɗago kanka, Auta. Ba a ƙasa aka rubuta amsar ba."

Yaya Talatu ta ƙwanƙwasa teburin cin abincinta, wanda tun da sassafe ta mai da shi teburin ofis. Munzali ya ɗago ido ya dube ta, ya ɗan jure, sannan idon ya sulale ya koma kan ledar ɗaki, inda ya saba zama.

"Ka gani ko? Ni da na goya ka ma ka kasa kallona, ina ga baƙi? Fita ka sake shigowa."

Ya fita, ya yi sallama, ya shigo. Wannan karon ya tuna bai sunkuya ba, ya jira sai da aka ce ya zauna, ya kuma ajiye fayil ɗinsa a kan cinya maimakon ya rungume shi a ƙirji. Talatu ta gyara zaman tabaranta, ta sauya murya, ta zama wata babbar ma'aikaciya da ba ta taɓa ganinsa ba.

"Malam Munzali, gaya mana, me zai sa mu ɗauke ka mu bar sauran?"

"To, ɗan abin da Allah ya sa muka sani..."

"Ku wa? Kai da wa? Mutum nawa aka gayyata da sunanka?" Ta cire tabaran. "Na yi, na iya, na sani. Haka za ka ce. Ƙanƙan da kan nan ka ajiye shi a bakin ƙofa, in ka fito ka ɗauki abinka, ba mai sace maka."

Talatu ta fi shekara ashirin a sashen ma'aikata na ƙaramar hukuma, ta zauna a kwamitin ɗaukar aiki har ta gaji, saboda haka a danginsu ba mai ja da ita a kan maganar intabiyu. A ganinta intabiyu iri-iri ce, kowacce da nata shiri, kuma ba rashin ilimi ke kayar da mutanenmu ba, ladabi ne a inda ba a neme shi ba. Tun ranar da wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi ta buɗe ofis a Daura, ta ce tana neman jami'i ɗaya da zai riƙa zagaya kasuwanni da rugage daga Dutsi har garin Babban Mutum, Talatu ta sa ƙanenta a gaba kamar mai gyaran amarya.

Shi ma ba gardama yake yi mata ba, don ya san abin da ke gabansa. Diflomarsa ta lafiyar dabbobi ta yi shekaru tana kwance a ƙarƙashin katifa, shi yana kan babur yana jigilar mutane da buhuna tsakanin Daura da Dutsi. Ya riga ya yi wa wani abokinsa da ke Fatakwal alkawari cewa in wannan ma ta suɓuce, bayan Babbar Sallah zai sayar da babur ya bi shi aikin gadi. Ga matarsa Hadiyya cikinta ya tsufa, kuma na fari ne. Munzali ba ya son tafiyar nan ko kaɗan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a yi suna yana wata uwa duniya, a kira shi a waya a gaya masa da wa jaririn ya yi kama.

Ya riga ya haye mataki biyu. Na farko ta waya aka yi. Talatu ta ce ya tsaya a tsaye in yana magana, ya yi murmushi ko da ba a ganinsa, wai murya tana tona asirin mai kishingiɗa. Sai ga shi an kira shi yana tsakiyar hanyar Dutsi, ɗauke da wani tsoho da akuyarsa. Ya tsaya gindin darbejiya yana amsa tambayoyi, akuya na ta kuka a bayansa, har mai tambayar ta yi dariya ta ce ashe yana tare da majinyaciya. Na biyu ta bidiyo aka yi, a wannan ɗakin. Talatu ta sauke kalandar da ke bango, ta kori jikokinta da kajinta zuwa maƙwabta, ta juya shi ya fuskanci taga, ta ce ya kalli ƙwayar kyamara kada ya kalli fuskarsa. Wannan ma ya wuce, don kallon ƙwayar kyamara ba ya sa mutum jin nauyi. Yau ce ta ƙarshe, ido da ido a gaban kwamiti. Mutum uku suka rage, ɗaya za a ɗauka.

Da lokaci ya matso, Talatu ta shiga ɗaka ta fito da takalmin mijinta, baƙi, sau-ciki, mai igiya.

"Wannan za ka sa. Na san halinka. In ka je da silifas, kana hango furfura za ka zame su a ƙofa ka durƙusa. Wannan kuwa kafin ka kwance igiya hankalinka ya dawo jikinka."

Ba ta yarda da ɗaurinsa ba ma. Ita da kanta ta sunkuya, da ciwon gwiwarta da komai, ta yi wa kowace ƙafa ƙulli biyu.

Hadiyya, wadda ta rako shi tun da safe tana zaune a gefe tana danne dariya, ta biyo shi har soro. Ta kaɗe masa ƙura a kafaɗa, ta gyara masa zaman hula.

"Allah ya ba da sa'a, Malam. Ni daga nan gida zan wuce. Inna ta ce wani ragon Baba ya sake kwanciya, cikinsa ya kumbura."

"Allah ya sawwaƙe."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"To me zan ce?"

"Abin da kake gaya mini a ɗaki mana."

Ya yi kamar bai ji ba, ya tayar da babur.

Baban nata, Alhaji Mati, tsohon dillalin dabbobi ne, yana cikin shugabannin dillalan kasuwar Daura. Duk shekara yakan sayo ramammun raguna daga ƙauyukan bakin iyaka ya turke su a bayan gida don Sallah. Mutum ne mai hannun kyauta, har ga dabba. Ragon da jiya yake tsintar kara a saura, yau za a cika masa kwano da dusa da jiƙaƙƙen gero, wai ya yi saurin cika ido. Sai ciki ya kumbura, Alhaji ya ɗauko sirinji ya yi masa allura, wani ya tashi, wani a ja shi a ƙafa zuwa bayan gari. Munzali ya san matsalar tun ganin farko, ya san maganinta, kuma maganin ba ya cikin sirinji.

Amma Hadiyya 'yar fari ce, kuma kunyar da ke tsakanin uba da mijin 'yar fari ba a yi mata gajeriyar hanya. Tun da aka ɗaura aure, Munzali bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa zama a tabarmar da yake zaune ba. Daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya amsa yana kallon bango. Sunansa ma bai taɓa fitowa daga bakin dattijon ba, sai dai yaron nan. Sau ɗaya Munzali ya gwada aika saƙo. Ya gaya wa Hadiyya, Hadiyya ta gaya wa Inna, Inna ta ce wa Alhaji wai wani ya ce a rage dusa. Alhaji ya ce, "Wane wani?" Maganar ta mutu a nan.

Ofishin ƙungiyar wani gida ne da aka yi wa sabon fenti, da benci a baranda. Munzali ya tarar da sauran biyun, wata budurwa da ke ta bitar takardu, da wani dogon saurayi mai suna Maharazu, mutumin Babban Mutum, wanda ya zo da takalmin roba kuma ko a jikinsa. Zafin bazara ya riga ya sauko. Munzali ya zauna yana maimaita karatun Talatu a zuci, cewa ya kalli mai tambaya, sannan ya raba kallon ga sauran, kuma kada ya ce mun yi. Takalmin yana matse masa ɗan yatsa, amma ya ji daɗin matsin, don yana tuna masa abin da ya zo yi.

Shi aka kira a ƙarshe. Ya miƙe, ya ja numfashi, ya yi sallama da murya mai ƙarfi, ya tura ƙofa.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. A tsakiya wata mata ce mai farin gilashi, wadda ya gane muryarta tun kafin ta gama amsa sallama, ita ce ta yi dariyar akuya. A damanta wani ma'aikaci ne riƙe da biro. A hagunta kuwa, cikin babbar riga ruwan toka, hannu ɗaya a kan sanda, Alhaji Mati ne zaune.

Munzali bai san lokacin da ya kai ƙasa ba. Jikinsa ne ya yanke hukunci, bai yi shawara da kansa ba. Ya tsinci kansa a tsugune a bakin ƙofa yana kokawa da ƙullin Talatu, fayil a hammata, gumi na ɗiga a kan takalmin. Ƙulli biyu ne a kowace ƙafa, kuma hankalin da aka ce zai dawo bai dawo ba. Sai da ya kwance duka, ya jera takalman a waje, ya shigo da safa, ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Lafiya lau," in ji Alhaji Mati, yana kallon fankar da ke juyawa a sama.

Matar ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Sunana Dakta Yasmin. Wannan Malam Jafaru ne, daga ofishinmu. Alhaji kuma ƙungiyar dillalai ce ta turo mana shi, tun da da su za ka yi aiki. Kun san juna ne?"

"Yaran gari ne," in ji Alhaji, har yanzu da fanka yake magana.

"To, madalla. Bismillah, hau kujera."

Kujerar tsayinta ɗaya da ta Alhaji. Munzali ya ɗosana a bakinta, rabin jikinsa a iska. Dakta Yasmin ta fara da tambayoyin da ya sha bita, karatunsa, rigakafin da ya taɓa yi, yadda ake gane ciwon huhu a garke. In ya juya wajenta sai ya ji dama-dama, har ya ce na yi sau biyu, ya kuma kalli gilashinta. Malam Jafaru ya tambaye shi ko zai iya yini a kan babur cikin yashi, ya ce ai shekarunsa ke nan a kai, aka yi 'yar dariya. Zuciyarsa ta fara kwanciya. Ya fara tunanin wataƙila dattijon zai yi shiru har a tashi, don shi ma ai kunyar tana cinsa.

"Alhaji, ko kana da tambaya?"

Alhaji Mati ya gyara murya, ya sauke idonsa daga fanka zuwa kan sandarsa.

"Wani mutum ne, dattijo, ya daɗe yana kiwo. Yakan sayo raguna ramammu daga ƙauye, yana so su cika kafin Sallah. Ba ya yi musu rowa, dusa da gero har sai sun bari. Sai ciki ya riƙa kumbura. Ya yi allura, wani ya tashi, wani ya mutu. To shi wannan mutumin, ina kuskurensa yake?"

Dakta Yasmin ta ajiye bironta, fuskarta ta washe. "Wannan ita ce tambayar. Bari ma mu mai da ita gwaji, don irin abin da za ka tarar ke nan kullum. Malam Munzali, ka ɗauka Alhaji shi ne mutumin. Juya kujerarka ka fuskance shi, ka dube shi, ka gaya masa inda ya yi kuskure."

Amsar tana bakinsa a jere, ya sha faɗa wa Hadiyya ita har ta haddace. Cikin da ya saba da kara da ciyawa ba a afka masa da hatsi rana ɗaya. A fara da harawa, a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan, ruwa kada ya yanke, kuma kumburin ciki ba ciwon allura ba ne. Magana ce da ba ta fi numfashi uku ba. Amma faɗinta yana nufin ya dubi uban matarsa a gaban baƙi, a gaban mace, ya ce masa kai ne kake kashe ragunanka da hannunka. Ya juya kujerar, wannan kam ya iya. Idonsa ya hau daga sandar zuwa hannun da ke riƙe da ita, ya kai ga aikin wuyan rigar, ya tsaya a nan. Ya ji haushin kansa tun kafin ya buɗe baki.

"Ai babba ya fi mu sanin kiwo," ya ce a hankali. "Wataƙila ƙarar kwana ce."

Malam Jafaru ya rubuta wani abu gajere.

Alhaji Mati ya motsa a kujerarsa. "Ko dai dusar ce ta yi yawa?" ya tambayi sandarsa.

Ko makaho ya ga an buɗe masa ƙofa an kuma riƙe masa ita. Munzali ya gani sarai. Duk da haka ya ce, "Yadda Baba ya gani, haka ne."

Dakta Yasmin ta jira ko zai ƙara wani abu. Da ta ga babu, ta yi masa godiya, ta ce ya jira a waje. Ya fita da baya-baya, ya zauna a benci ya mai da takalman, ya ja igiyar da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi, ya ƙulle ta tamau.

Bayan azahar Malam Jafaru ya leƙo ya kira Maharazu ciki, ya ce sauran biyun an gode, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Alhaji Mati ya riga ya fice ta ƙofar baya. Munzali na ƙoƙarin tayar da babur sai ga Dakta Yasmin ta fito, ta tsaya a inuwar baranda.

"Malam Munzali, ba al'adarmu ba ce mu yi bayani, amma raina bai so ba. A waya da bidiyo kai ne kan gaba, da nisa ma. Na tabbata ka san amsar tambayar nan."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"To ka gani. Rabin aikin nan gaya wa dattawa abin da ba sa son ji ne. Wancan yaron bai kai ka karatu ba, amma da aka yi masa wata tambaya mai kama da ita, ya faɗa wa Alhaji gaskiya cikin ladabi. In na tura ka ruga ka ce wa mai shanu ƙarar kwana ce, shanun mutuwa za su yi."

Ya so ya ce mata wannan dattijon ba kamar sauran dattawa ba ne. Ya ga in ya faɗa ya tona cewa Alhaji ya zauna a kwamitin da ke tantance surukinsa, ya jawo masa magana. Sai ya ce ya gode, kuma har ransa bai ga laifinta ba.

Bai nufi gida ba. Ya tsaya gindin wata bishiya a hanyar tasha ya kira Talatu, ya riƙe wayar nesa da kunne yana jiran faɗa. Ta saurare shi har ya gama.

"Baban Hadiyya? Shi da kansa?"

"Shi, Yaya."

"Har ka kwance ƙullin nawa?"

"Duka huɗun."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Ta waya na koya maka, ta bidiyo na koya maka, ta kwamiti na koya maka. Wannan irin kam ban taɓa zama a cikinta ba, Auta. Da ni ce ma ban san abin da zan yi ba. Je ka ci abinci."

Bai ci ba. Ya zauna a kan babur yana kallon motocin Kano da Katsina suna lodi, yana lissafin abin da zai gaya wa Hadiyya. Wata doguwar mota mai zuwa kudu tana gefe, an ɗaure mata buhuna a sama. Da can in ya gan ta ba ya kula ta, yau kuwa sai da ya karanta rubutun da ke jikinta tsaf. Da aka kira la'asar ya yi salla a masallacin tasha, sannan ya tafi ɗauko matarsa.

A soron gidansu ta tare shi. Ganin fuskarta ya san labari ya riga shi isowa.

"Baba bai ci abincin rana ba," ta ce da ƙaramar murya. "Ina tsakar gida yana gaya wa Inna, ya ɗaga murya yadda zan ji. Ba shi aka so turawa ba, Malam. Shi ya roƙi shugabansu ya bar masa, da ya ji kana ciki."

"Don me?"

"Ya ce ya daɗe yana neman tambayar da ya tabbata yaron nan ya san amsarta. Wai ya sha ganinka in ka zo gaisuwa kana satar kallon turke kana cije leɓe. Ya ce ya ɗauko tambaya mafi sauƙi a duniya ya miƙa maka a hannu, don baƙin nan su ji abin da ka sani." Ta waiga cikin gida. "Kuma wai shi ma yana son amsar. Ya ce tun ranar da Inna ta ce wani ya ce, ya san ko wane ne wanin. To ta ina zai fara tambayar mijin 'yarsa?"

Munzali ya jingina da bangon soro. Da a ce mugunta dattijon ya yi masa, da ya fi sauƙin ɗauka. Wannan kuwa gata ne aka yi masa, irin na mutumin da bai iya kiran sunansa ba, shi kuma ya sa ƙafa ya ture. Baƙin ciki ya cika shi, har da tausayin tsohon, wanda ya sa babbar riga ya je ya tona asirin turkensa a gaban baƙi a banza.

"Yana ina?"

"Yana bayan gida wajen ragon. Ya aika an sayo allura."

"Samo mini man gyaɗa a kwalba, da 'yar kanwa a jiƙa."

Ta dube shi, ta juya da sauri gwargwadon yadda cikinta ya bar ta.

Turken yana bayan gida, an yi masa rumfar kara. Raguna na tsaye a ɗaure, kowanne da kwanon dusa a gabansa. Ɗaya yana kwance a gefe, cikinsa na hagu ya tashi kamar ganga, yana numfashi da ƙyar. Alhaji Mati na tsaye a kansa, ya cire hula, yana zuƙo magani a sirinji.

Munzali ya yi sallama daga bakin rumfa, ya tsuguna zai cire takalmi. Ƙullin da ya yi da haushi a ofis ya ƙi kwantuwa. Ya sa farce, ya ja, ƙullin ya ƙara shigewa. Ragon ya yi wani nishi mai tsawo, ya miƙe ƙafafu. Munzali ya dubi igiyar, ya dubi ragon, ya tashi ya shiga da takalminsa.

Alhaji ya ga takalmin. Ya sunkuyar da kai ya dubi ragon.

"Kai kuma ka ga ta kanka," ya ce wa ragon. "An tambayi likita a gaban mutane, ya ce ƙarar kwana ce."

Munzali ya durƙusa ya dafa cikin, ya ɗan buga shi da yatsa, ya saurara. Shi ma ragon ya yi wa magana.

"Ba ƙarar kwana ba ce. Dusa ce da gero suka yi maka yawa, cikinka bai saba ba. Da harawa aka fara maka, ana ƙara dusar kaɗan-kaɗan, da yanzu kana tsaye. Allura kuma ba ta sauke iska."

"Ka ji," in ji Alhaji, yana gyaɗa wa ragon kai. "Ashe yana da baki. Da ya faɗi haka da hantsi, da yanzu wani zance ake." Sannan muryarsa ta sauko. "An ce wai Fatakwal zai tafi bayan Sallah. Ka tambaye shi, in ya tafi wa zai duba 'yan'uwanka? Kasuwa cike take da irinka, duk allura muke yi muku."

Hadiyya ta iso da kwalba da ɗan kwano, ta ajiye a bakin rumfa, ta koma da baya ta laɓe a jikin katanga. Wayar Munzali ta fara ruri a aljihu. Ya san mai kiran, abokinsa na Fatakwal ya ce zai kira da yamma ya ji yadda aka yi. Hannunsa ɗaya na kan ragon, ɗayan ya riga ya ɗauki kwalbar. Ya bar ta ta yi ta ruri har ta gaji.

Ya ta da ragon ya jingina shi da gwiwarsa, ya ga aikin ya fi hannu biyu. Ya waiwaya, babu kowa a rumfar sai su. Ya ɗago kai, idonsa ya wuce hannun, ya wuce aikin wuyan rigar, ya sauka a fuskar dattijon. Bai taɓa sanin Alhaji yana da tawadar Allah a gira ba, irin wadda Hadiyya take da ita.

"Baba, a ajiye sirinjin nan. A riƙe masa kai."

Alhaji Mati ya dubi sirinjin, ya ɗora shi a kan katanga. Ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya durƙusa a cikin dusa da kashin raguna, gwiwarsa na gogar ta mijin 'yarsa, ya kama ƙahon da hannu biyu.

"Haka?"

"Ya yi sama da yawa, zai shaƙe. A ɗan sauke."

Alhaji ya ɗan sauke.